Haɗin gwiwa da 'yan kasuwa: me ake nufi da shi a gidan wanka da bahaya?

Duk lokacin da aka tayar da zancen banɗakunan kasuwa da na tasha a Gusau ko Ƙauran Namoda, sai ka ji jami'i ya ce za a yi su ne ta hanyar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, abin da 'yan boko ke taƙaitawa da PPP. Mutane da yawa sun ɗauka gwamnati ta sayar da wurin ke nan. Ba haka ba ne. Ya fi kama da mai gona da ya ba da ita haya: gonar tana nan tasa, wani ne ke nomawa, an kuma yi sharaɗin abin da kowa zai samu.

Asali dai aikin na ƙaramar hukuma ne. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora mata samar da makewayin jama'a da kula da shi, tare da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Wannan ya hau kan dukkan ƙananan hukumomi 14 na Zamfara. Tana iya ginawa da kuɗinta ta sa ma'aikacinta, amma mun sha ganin ƙarshen irin wannan: a yanka kirtani a tafa, bayan damina ɗaya famfo ya ƙafe, a garƙame ƙofa, mutane su koma bayan katanga.

Haɗin gwiwar iri-iri ne. Wani lokaci hukuma ke gini, ta ba ɗan kasuwa haya, yana karɓar kuɗin shiga yana biyan ta wata-wata. Wani lokaci fili kawai take bayarwa, shi ya gina da jarinsa, ya ci moriya na wasu shekaru da aka ƙayyade, sannan ya miƙa mata ginin. Ana kuma iya damƙa wurin ga ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi. Mai hali ma yana iya ginawa a matsayin waƙafi.

A ganina, gini shi ne mafi sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne ruwa. In babu rijiyar burtsatse mai sola, mai kula da wurin zai wuni yana sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ribar ta tafi nan, daga nan sai a fara tsumulmular ruwan wanke ƙasa. Sai kuma yashe masai in ya cika: wa zai biya motar, ina za ta juye? In ta juye a kwata ko bakin gulbi, an dai kwashe kwalara daga nan an kai ta can. Ka tuna kasuwa irin ta Talatar Mafara, wadda ranar cinta jama'a ke ninkuwa. Ramin da aka auna da ranar da babu kowa ba zai kai ko'ina ba.

Don haka takardar yarjejeniya ita ce haɗin gwiwar. A rubuta farashin bahaya da na wanka, a kafe shi a bango. A ware ɓangaren mata da ƙofarsa daban, mace ce kuma za ta tsare shi, in ba haka ba mata za su gwammace su matse har gida. Almajiri da mai lalura fa, da ba su da ko sisi? A faɗi wanda zai ɗauki nauyinsu. Duba-gari ya riƙa leƙawa, a kuma bar wa hukuma ikon ƙwace wurin in ƙazanta ta yi yawa.

A Nuwamban 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a umarnin zartarwa na kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa shekarar 2025, Jigawa kuwa ta zama jiha ta farko da ta cimma hakan a 2022. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Shi ya sa yanzu ƙofar ciyaman da kansila ce ya kamata a ƙwanƙwasa a nemi ganin takardar.