Tausa da Motsa Jiki a Gida ga Ƙananan Yara Masu Ɗauke da HIV

A asibitin da nake aiki a Daura, uwa takan zo karɓar maganin ɗanta ba tare da fashi ba, amma idan na tambaye ta ko ya fara zama, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Har yanzu dai." Wannan jinkiri ba sammu ba ne. Ƙwayar cutar tana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun yana jariri, shi ya sa wasu suke makara wajen tsayar da wuya, wasu kuma ƙafafunsu suke sandarewa. Shan magani kullum a kan kari shi ne ginshiƙi, tausa ba ta maye gurbinsa. Sai dai wani bincike da aka yi a Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa yaran da aka koya wa iyayensu wasannin motsa su a gida sun fi sauran samun ci gaba.

Bayan wankan safe, kafin yaro ya ci abinci, a shimfiɗa zane a kan tabarma, uwa ta murza man kaɗanya a tafin hannunta har ya yi ɗumi, musamman da hunturu lokacin da fatar yara take bushewa, sannan ta shafa daga cinya zuwa tafin ƙafa a hankali, tana lanƙwasa gwiwa tana miƙewa, tana yi masa magana tana kallon idonsa. Idan gaɓa ta ƙi miƙewa, kada a tilasta ta. Cutar ba ta yaɗuwa ta hanyar taɓa jiki ko gumi, don haka kaka ko uba ma za su iya karɓar uwa idan ta gaji.

Goyo yana da daɗi, amma yaron da ya wuni a baya bai sami damar gwada ƙarfinsa ba. A riƙa kwantar da shi rub da ciki yana farke, ana kusa da shi, a ajiye kwano mai sheƙi gabansa domin ya ɗaga kai ya miƙa hannu.

A dakatar da tausa idan akwai zazzaɓi, ƙuraje ko kumburi. Yaron da ya kai wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya, a kawo shi asibiti ba sai ranar karɓar magani ta zagayo ba.