Ma'anar "famitibiti", da dalilin da ƙaramar eriya ke da ƙunci

Wanda ya taɓa kwance na'urar bin diddigin mota, irin wadda ake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera, zai ga wani ɗan dutse mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar santimita 2.5, an shafe samansa da ƙarfe. Wannan ita ce eriyar GPS. Abin mamaki, siginar GPS ta farar hula tana kan megahaz 1575.42 (megahaz ma'aunin saurin kaɗawar sigina ne), tsawon zangonta, wato tazarar da take ci a kaɗawa ɗaya, kusan santimita 19, kuma eriya irin wannan tana buƙatar rabin zango, wato santimita 9 da rabi. To ta yaya ta shige cikin ɗan dutsen nan? Amsar tana cikin kalmar da injiniyoyi ke kira famitibiti.

Famitibiti lamba ce da ke nuna yadda abin da ba ya wuce da lantarki, kamar roba, gilashi ko yumɓu, yake iya riƙe ƙarfin lantarki a cikinsa idan aka kwatanta shi da sararin da babu komai. Shi ya sa ake cewa na kwatance ne, ana rubuta shi da alamar εr, kuma ba shi da ma'auni kamar mita ko kilo. Sarari 1 ne, iska ma kusan 1. Robar Teflon 2.1, koren allon FR4 da ake jera kayan lantarki a kai wajen 4.4, ruwa kuwa har 80. Maikel Faraday ya fara auna wannan hali a 1837, sunan kuma Oliba Hebisaid ne ya raɗa shi daga baya.

Idan sigina ta shiga irin wannan abu, sai ta rage gudu, zangonta ya gajarta. Lissafin ba wuya: nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka εr, sai ka raba tsawon da ita. A kan FR4 eriyar Wi-Fi ta gigahaz 2.4, wato megahaz 2400, takan sauko daga santimita 6 da ɗoriya zuwa kusan 3. Yumɓun da εr ɗinsa ya kai 20 kuwa yana rage tsawo fiye da sau huɗu. Ka ga sirrin dutsen: da irin wannan yumɓun aka yi shi.

Sai dai araha ba ta ado. Abin da aka samu a ƙanƙanta, a faɗin zango ake biyansa, wato yawan tashoshin da eriya za ta iya kamawa da kyau ba tare da an sake saita ta ba.

Ka tuna gargaren mota da ake ratayewa a bishiyar makaranta ana bugawa. In aka doke shi, ya daɗe yana amo, amma murya ɗaya tak yake da ita, domin yana riƙe ƙarfin bugun yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Buga kwali kuwa, "ɗaf", nan take ya mutu, kuma ba za ka ce ga muryarsa ba. Eriyar da ke kan abu mai babban εr gargare ce. Abun yana janye ƙarfin lantarkin zuwa cikinsa, ɗan kaɗan ne ke leƙowa ta gefe ya fita iska, alhali wannan mai leƙowar shi ne aikin eriya. Abin da aka adana ya yi yawa, abin da aka watsa ya yi kaɗan. Injiniyoyi na auna wannan da harafin Q, kuma duk hawan da Q ya yi, faɗin zango sauka yake. Ba sakacin masu ƙira ba ne: Harold Wila a 1947 da Lan Jen Cu a 1948 sun nuna da lissafi cewa ƙaramar eriya tana da iyakar da ba ta ƙetarewa.

Ga GPS ba damuwa, domin siginar da ake bi faɗinta kamar megahaz 2 ne kawai. Wi-Fi kuwa daga megahaz 2400 take zuwa 2483.5, kuma eriyar da aka zana a kan siririn FR4 mai kaurin milimita 1.6 da ƙyar take rufe wannan. Saboda haka mai son faɗi sai ya yi akasi: ya ƙara kauri, ya zaɓi abu mai ƙaramin εr, wani lokaci soso ko iska zalla. A ganina nan ne ɗalibai ke yawan tuntuɓe, su zaɓi FR4 don shi ne mai sauƙin samu, sannan su yi ta mamakin sakamako.

Ƙuncin yana da wata illar. Duk abin da ya kusanci eriya ya zama ɓangarenta. Naman jikin mutum, saboda ruwan da ke ciki, εr ɗinsa ya haura 50 a zangon Wi-Fi. Murfin roba ma yakan ja eriyar GPS ƙasa da 'yan megahaz, shi ya sa masu ƙera ta kan saita ta sama kaɗan da 1575, don idan an rufe akwatin ta faɗo daidai inda ake so.