Waiwaye: Yadda kunun matar soja ya haifi kasuwar Mami a bariki

A bariki, cin abinci ma da muƙami ake yinsa. Tun zamanin Turawa, sojan Najeriya ya gaji tsarin Ingila na mes, wato zauren cin abincin sojoji: hafsoshi da nasu, su saje da samanja da nasu, kowa da inda ƙafarsa za ta tsaya. Ƙaramin soja kuwa, tun lokacin rundunar da Lugga ya kafa a 1897, tukunyar matarsa ce gatansa, domin da iyalansu suke zama a bariki.

Daga irin wannan tukunya kasuwar Mami ta fito. A 1959, a barikin Abakpa da ke Inugu, wata matashiya 'yar ƙabilar Idoma daga Otukpo, Mammy Ochefu, ta fara sayar da enyi, wani abin sha irin kununmu, don ta tallafa wa mijinta, Anthony Ochefu, wanda a lokacin ƙaramin soja ne. Aka yi ƙorafin cewa kunun yana tara ƙudaje, ta dakata. Sojojin da suka saba da shi suka ƙi haƙura, har aka ware mata wuri a bayan bariki. Wasu matan suka biyo ta da nasu kayan, wurin ya ci sunanta. Mijin ya kai kanar, ya zama gwamnan soja na Jihar Gabas ta Tsakiya a 1975, amma yau sunan matar ya fi nasa yawo a bakin mutane. Har sansanonin masu yi wa ƙasa hidima sun ari sunan.

A ganina, abin da ya raya kasuwar ya wuce yunwa. Nan ne kurtu ke zama benci ɗaya da mai igiya uku, Bahaushe da Batibi su sa hannu a farfesu ɗaya, farar hula kuma ya shigo bariki ba da fargaba ba. Mutanen Abuja sun san gasasshen kifin barikin Mogadishu.

A tsakiyar wannan cuɗanya ne aka tayar da bam a kasuwar barikin Mogadishu ranar 31 ga Disamba 2010, da kuma a ta barikin Shadawanka a Bauchi ranar 29 ga Mayu 2011. Daga nan bincike a ƙofar bariki ya tsananta, shiga cin kifi ya koma sai an buɗe but ɗin mota an duba.