Tafarnuwa, zogale da darbejiya a abincin kifi: amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Daga Yawuri har Argungu, masu kiwon tarwaɗa tambayarsu ɗaya ce. Ga amsa wuri guda, kowa ya karanta.

Ganye zai iya maye gurbin abincin buhu?

A'a. Tarwaɗa mai tasowa tana son abincin da furotin ɗinsa ya kai kamar kashi 40 cikin 100, daga garin kifi da waken soya da ƙuliƙuli. Tafarnuwa da citta ƙari ne kawai, kamar yaji a kan tsire.

Kifina suna mutuwa, wane ganye zan zuba?

Haba malam, yaushe rabonka da canza ruwa? Je ka sunsuna shi. Kashin kifi da ragowar abinci idan sun ruɓe suna fitar da guba mai suna amoniya, ita kuma tana ƙona kumatun numfashin kifi, ta buɗe ƙofa ga ƙwayar cutar Aeromonas mai kawo gyambo a fata. Ruwan da ke wari, ko buhun tafarnuwa ka juye ciki, asara ce. Idan gyambo ya riga ya fito, kira likitan dabbobi.

To nawa zan sa, kuma yaya zan haɗa?

Nan ne sai an bi a hankali, domin babu ma'auni ɗaya da ya dace da kowa. Ƙarfin tafarnuwa, wato sinadarin alisin, yana raguwa da zafi da daɗewar ajiya, saboda haka garin da ya shekara a kasuwar Jega da wanda ka daka jiya ba ɗaya ba ne. Ni dai shawarata a fara da kaɗan, gram 5 zuwa 10 na garin tafarnuwa ko citta a kowane kilo na abinci. A auna da sikeli, ban ce da murfin kwalba ba. Kwaɓa garin da ɗan man gyaɗa, ka cuɗa da abincin har ya manne, in ba haka ba yana taɓa ruwa zai wanke. Ka shanya a inuwa, ka haɗa na kwana biyu ko uku kawai, don abinci mai laima yana yin fumfuna, gubarta kuwa tana lalata hantar kifi.

Zogale kuma dabam ne. Busasshen ganyensa na da furotin, amma yana ɗauke da sinadaran tanin da safonin masu ɗaci da hana narkewar abinci. In ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 na haɗin, kifi kan rage ci, girma ya ja baya. Ko waɗannan alkaluman ma mafari ne, sun danganta da girman kifinka da irin abincinka. Ware tanki ɗaya ka ba shi haɗin, ɗaya ka bar shi da abincinsa na kullum, kifaye masu girma ɗaya, yawa ɗaya. Bayan wata guda ka auna su. Abin da sikeli ya nuna shi za ka bi, ba abin da aka turo maka a WhatsApp ba.

Darbejiya fa?

Tana kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma kashe kifi in ta yi yawa, musamman ƙanana. Ka bar ta.

Da gaske tafarnuwa da ire-irenta suna ƙara wa kifi garkuwar jiki?

Gwaje-gwaje a kan tarwaɗa da karfasa sun nuna ƙaruwar fararen ƙwayoyin jini da juriya ga cuta, amma sakamakon yakan bambanta daga gwaji zuwa gwaji. Binciken ya ƙaru ne tun da Tarayyar Turai ta haramta sa maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don saurin girma, a 2006. Tafarnuwa da ire-irenta dai rigakafi ne, kafin ciwo ya zo.

Na sa tafarnuwa amma tun shigowar hunturu ba sa ci.

Kwantar da hankalinka, alhaji, ba laifin tafarnuwa ba ne. Tarwaɗa ta fi ci idan ɗumin ruwa ya kai digiri 26 zuwa 30, a Disamba da Janairu kuwa ruwan Kebbi da asuba sanyi ƙalau yake. Rage abinci, ka jira rana ta ɗaga kafin ka zuba, sannan ka rufe tankin da tamfol da dare, ka bar wa iska hanya.