Tuƙi bayan an dakatar da farmi

Tuƙi bayan an dakatar da farmi laifi ne da mutum ke aikatawa idan ya hau titi da mota ko moto alhali hukuma ko kotu ta hana shi tuƙi na wani wa'adi. Farmi shi ne katin izinin tuƙi, wanda a Nijeriya ake kira lasisi. A Nijar, dokar hanya ta shekarar 2014 ce ke tsara bayar da shi da janye shi. Abin da ake dakatarwa izinin mutum ne. Ko katin na cikin aljihunsa, ko ya samo wani, hanin na nan a kansa har ranar da wa'adin ya cika.

Abubuwa uku da ake rikitawa

A tashoshin Damagaram kalma ɗaya ake faɗa, "an karɓe mini farmi", amma abubuwa uku ne mabambanta. Na farko, ɗan sanda a cikin gari ko jandarma a kan hanyar Tanut ko ta Magarya ya riƙe katin saboda wani laifin hanya, ya ba direba takardar shaidar karɓa. Wannan riƙewa ce, ba hukunci ba tukuna. Na biyu shi ne dakatarwa, wadda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma hukumar da ke da iko ko alƙali ne ke yanke ta, galibi bayan gudun wuce ƙa'ida, tuƙi cikin maye, haɗarin da ya jawo rauni ko mutuwa, ko gudu bayan an buge mutum. Na uku sokewa ce ɗungurungum: farmin ya mutu, sai mutum ya sake jarrabawa bayan lokacin da aka gindaya masa.

Bambancin na da nauyi a gaban alƙali, domin tuhumar tuƙi cikin dakatarwa ba ta tsayawa sai akwai hukuncin dakatarwar a rubuce. A ƙa'ida kuma hanin kan shafi duk rukunan da ke kan katin, daga A na moto zuwa D na motar fasinja, sai fa in hukuncin ya faɗi wani abu daban. Direban bas da aka dakatar, ya ce bari ya ɗan yi kabu-kabu da moto kafin wa'adi ya cika, ya faɗa cikin laifin ke nan.

Abin da ke biyo baya

Idan an kama mutum, jami'in zai rubuta takardar bayanin laifi, a tsare motar a wurin ajiyar motocin da aka kama, kuɗin ajiya na hawa kullum a kan mai ita. Ana iya tsare direban a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko wajen jandarmomi har awa 48, mai shigar da ƙara na gwamnati na iya ƙara wasu 48. Daga nan sai babbar kotun Damagaram. Alƙali na iya cin sa tara, ya ƙara tsawon dakatarwar, ya soke farmin, ko ya tura shi gidan kaso, musamman wanda ya taɓa yi ya sake. A Faransa, inda tsarin shari'ar Nijar ya samo asali, hukuncin wannan laifi na kaiwa ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 4,500, abin da ke nuna cewa a can ba a lissafa shi cikin ƙananan laifuffukan hanya da ake biyan tara a wuce. Hukuncin kotu kan shiga takardar shaidar laifuffukan mutum, wadda ake nema wajen ɗaukar direba aiki a ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji.

Asarar da ta fi girma tana wajen inshora, wadda direbobi ke kira asirans, kuma nan ne mutane suka fi jahiltar doka. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kula da harkar inshora, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Sashe na 200 na wannan doka ya wajabta inshorar abin hawa. Sashe na 207 ya ba kamfani damar sa sharaɗin cewa ba ya ɗaukar nauyi idan a lokacin haɗari direba ba shi da izinin tuƙi mai aiki. Sashe na 210 kuwa ya ce wannan sharaɗi ba ya hana wanda aka buge ko magadansa haƙƙinsu. Ma'anar haka, kamfani zai biya diyyar, sa'an nan ya juyo kan mai alhakin haɗarin ya nemi kuɗinsa. Diyyar rai ɗaya ko naƙasar mutum ɗaya na iya cinye motar, ta haɗa da gona da gida. Mai mota da ya miƙa makulli ga direban da ya san an dakatar shi ma ba zai tsira ba. Shi ya sa ya kamata ya ga katin da idonsa kafin kowace doguwar tafiya, ko Maraɗi ce ko Agadas.

Akwai kuskuren da ke mai da ƙaramar magana babba: mutum ya je ya yi shelar ɓatan farmi don a ba shi wani. Wannan ƙarya ce ga hukuma, laifi ne na daban mai nasa hukuncin. Haka nuna katin ɗan'uwa, ko miƙa wa jami'i na goro.

Hanyoyin kare kai

Kariya mafi ƙarfi ita ce rashin sanarwa. Dakatarwa ba ta hawa kan mutum sai an sanar da shi bisa ƙa'ida. Don haka abu na farko da lauya ke nema a cikin takardun ƙara shi ne shaidar sanarwar: wace rana aka kai, wa ya karɓa, wa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A unguwannin Damagaram irin su Birni da Zango, inda ake gane gida da sunan mai shi, takarda kan tsaya a hannun wani ba ta isa ga mai ita ba. Direban da ke kan hanya mako biyu yana iya zama an yanke masa hukunci a bayan idonsa. Irin wannan hukunci ana iya ƙalubalantarsa a kotun da ta yanke shi, a sake zama. Amma wanda yake tsaye a zauren kotu lokacin da alƙali ya furta dakatarwar ba shi da bakin cewa bai sani ba.

Sai lissafin kwanaki. A ɗauki ranar da dakatarwar ta fara aiki, a ƙirga wa'adin, a gwada da ranar da aka kama mutum. Rasit na tara da takardar mayar da farmi su ne hujja a nan, shi ya sa bai kamata a yar da su ba. Ana kuma duba ko mutumin ne aka dakatar, domin masu suna iri ɗaya suna da yawa, da yawa kuma takardunsu na cewa "an haife shi wajen shekara kaza" ba tare da rana ba. Lambar farmi ce ke raba gardama. Ana duba ko tuƙi yake yi a kan titin jama'a lokacin da aka same shi, ko motar a tsaye take. Takardar bayanin laifi ita ma ana tantance ta: rana, wuri, sunan jami'i da sa hannunsa.

Larura hujja ce da kotu ke saurare amma ƙofarta ƙunci gare ta. Wanda ya ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa babban asibitin Damagaram cikin dare dole ya nuna cewa hatsarin na gaske ne, babu wani direba ko mota a kusa, kuma tuƙin bai wuce buƙatar ba. Takardar shiga asibiti mai ɗauke da rana da sa'a ta fi shaidu goma amfani. Neman abincin iyali kuwa ba ya wanke laifi, sai dai alƙali na iya duba shi ya sassauta, ya yanke ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka ga wanda bai taɓa laifi ba.

Wanda aka tsare yana da damar samun lauya tun daga kamawa, bisa ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta wasu ƙasashen Afirka ta Yamma da Nijar ke ciki. Kada ya sa hannu a kan bayanin da aka rubuta da Faransanci sai an fassara masa shi, domin abin da ya amince da shi a komisariya shi za a karanta a kotu. Marar hali na iya neman taimakon hukumar ANAJJ mai agaza wa talakawa a shari'a. Idan hukunci bai gamsar ba, ana ɗaukaka ƙara cikin kwana 10 zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram.

Maido da farmi

Cikar wa'adi kaɗai ba ta isa mutum ya koma kan sitiyari ba. Sai ya biya tarar da ke kansa, ya cika duk sharaɗin da hukuncin ya sa, kamar gwajin likita ga wanda aka kama da maye, ya je ofishin da ke riƙe da katin da rasit ɗinsa da katin ɗan ƙasa, ya karɓo farmin a hannunsa.