Na'urar kula da sadarwa a tsarin IPv6

Na'urar kula da sadarwa kwamfuta ce ta musamman da ake ajiyewa a ofis, makaranta ko shagon intanet domin ta riƙa sa ido a kan sauran na'urori: wacce ke aiki, wacce ta ɗauke, wa ke shanye data. Galibinsu da SNMP suke aiki, wato ƙa'idar tambayar na'urori halin da suke ciki, wadda ta fito a 1988. Ta ƙofa mai lamba 161 ake aika tambaya, ta 162 kuma ake karɓar ƙararrawa.

Tarihi

Tsohon tsarin adireshin na'urori a intanet, IPv4, bai wuce lambobi biliyan 4.3 ba. Tun farkon shekarun 1990 aka hango ba za su wadatar ba, sai aka fitar da IPv6 a Disambar 1995, mai tsawon bit 128 maimakon 32. A shekarar ce kuma Ghana ta samu cikakken haɗi da intanet, ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Nii Quaynor a Accra, birnin da Hausawan Zango ke kira Ankara. Bayan shekara goma aka buɗe cibiyar musayar intanet ta ƙasar, GIX, a can Accra.

Rumbun adireshin IPv4 na IANA, hukumar da ke raba su a duniya, ya ƙare ranar 3 ga Fabrairun 2011. AFRINIC, mai rabon adireshi a Afirka daga Mauritius, ita ce ta ƙarshe cikin hukumomin yankuna da nata ya ja baya, ta soma tsuke hannu a 2017. Wannan ragowa na daga cikin dalilan da suka sa nahiyar ba ta yi gaggawar sauyi zuwa IPv6 ba. Daga wajajen 2021 shari'a kan adireshi ta dabaibaye hukumar.

Yadda ake saitawa

Da farko a ba na'urar adireshi tsayayye. A IPv6 kowace kwamfuta na iya ƙirƙiro wa kanta adireshi daga sanarwar rauta (na'urar da ke haɗa ofis da intanet), wasu ma su sauya shi kullum don sirri, wanda ya dace da wayar hannu amma bai dace da na'urar da ke gadin sauran ba. Sai a saka tsawon yanki, yawanci /64 (wato bit 64 na farkon adireshin su ne na yankin), da adireshin rauta, wanda sau da yawa da fe80 yake farawa, sannan a yi mata rajistar AAAA, mai haɗa sunanta da adireshin IPv6, a DNS, kundin sunayen intanet.

Wani wurin da masu haɗa waya a unguwannin Accra irin su Nima ko Sabon Zango kan yi tuntuɓe shi ne wajen nemo na'urori. A IPv4, ofis mai lambobi 254 cikin ɗan lokaci ake bin su ɗaya bayan ɗaya. Yankin /64 kuwa ya ƙunshi lambobi sama da biliyan 18 sau biliyan, ba mai iya ƙwanƙwasa musu ƙofa duka. Dole na'urar ta karanto jerin maƙwabta, wato na'urorin da ke yanki ɗaya, daga rauta, ko a shigar mata da su da hannu. Wani kuskuren shi ne toshe ICMPv6, saƙonnin da na'urori ke gano juna da su, gaba ɗaya a katangar tsaro, al'adar da aka ɗauko daga IPv4: da an yi haka maƙwabta sun daina ganin juna, fitila na ci kore amma allo babu komai. An fi so a yi amfani da SNMPv3, zubi na uku na SNMP, don na baya a fili suke aika kalmar sirri.

Amfani a yau

Akasari ana gudanar da tsarin biyu, IPv4 da IPv6, ne tare. Saboda ɗaukewar wuta, wadda ake kira dumso a Ghana, akan haɗa na'urar da batirin ajiya.