Baye-bayen Ruhu: me ya sa ake ta ja-in-ja a majami'un Kano?

Duk wanda ya ratsa Sabon Gari da safiyar Lahadi, kunnensa ya ba shi labari. A wannan layin ana rera waƙa daga littafi a natse, a layin gaba kuwa lasifika ce ke tashi, kowa na addu'a da iyakar muryarsa, wasu da harshen da ba Hausa ba, ba Ibo ba, ba Turanci ba. Ga abin da matasa suka fi tambaya idan an tashi daga sujada.

Su mene ne baye-bayen Ruhun?

Su ne baiwar da Ruhu Mai Tsarki ke ba masu bi. Manzo Bulus ya lissafa guda 9 a 1 Korintiyawa sura 12, a ciki har da hikima, bangaskiya, warkarwa, annabci, rarrabe ruhohi, magana da harsuna (wato harshen da mutum bai koya ba) da fassara su. A Romawa 12 ya ƙara da koyarwa, hidima, bayarwa da nuna jinƙai. Abin lura, ba a taɓa jin an raba coci a kan baiwar jinƙai ba. Rigimar duk a kan uku take: harsuna, annabci da warkarwa.

Daga ina wannan guguwar ta taso?

Masu ita za su ce daga ranar Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai suka yi magana da harsuna, Ayyukan Manzanni sura 2. A tarihin kusa kuwa ana komawa ga taron farkawar titin Azusa a Los Anjeles ta Amurka, a 1906, ƙarƙashin William Seymour. A Najeriya an yi farkawar Joseph Ayo Babalola a Ilesha a 1930, sannan a shekarun 1970 wutar ta kama a jami'o'i, ɗalibai suka dawo gida da ita. Katolika ma ta samu nata rabon tun daga 1967.

To ina gardamar take?

Wani ɓangare na cewa alamun nan an ba da su ne don kafa ikilisiya a zamanin manzanni, da aka kammala Littafi Mai Tsarki sai aikinsu ya ƙare. Suna kafa hujja da 1 Korintiyawa 13, inda aka ce harsuna za su shuɗe idan cikakke ya zo. Ɗaya ɓangaren ya ce cikakken nan dawowar Almasihu ce, kuma sura ta 14 ta ce kada a hana magana da harsuna. A ganina hujjar na biyun ta fi ƙarfi a nan. Sai dai sukan karanta rabin surar su rufe littafin, alhali ita ce ta ce mutum biyu ko uku kawai, bi da bi, kuma in babu mai fassara a yi shiru a cikin taro.

Me ya sa dattawanmu suka fi kowa ɗari-ɗari da abin?

Wannan ce tambayar da matasa ba su cika yi wa adalci ba. Ikilisiyoyi irin su ECWA, wadda ta fito daga mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) aka kafa ta a 1954, sun ginu ne a kan wa'azi da nazarin Littafi, an saba da tsari. Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi. Dattijon da ya taso a ƙauyen Maguzawa ya ga bori da idonsa: an goga goge, mutum ya faɗi yana birgima, murya ta canza, yana faɗa wa mutane abin da ke ɓoye. Abin da ya baro ke nan da ya karɓi bishara. Yanzu ya ga mai kama da shi a gaban bagade, ka ce kada gabansa ya faɗi? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na taɓa ganin haka a taron addu'ar Laraba. Wata yarinya ta ɓarke da harsuna, coci ya yi tsit, mata suna kallon juna. Da ta gama, wani dattijo ya gyara tabarau ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Wa zai fassara mana mu ce amin?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ni ma ban sani ba." Bai tsawata mata ba, ya dai buɗe sura ta 14 suka karanta tare bayan an tashi. Har yau tana cikin mawaƙa.

Gaskiya ne wanda bai yi harsuna ba bai sami Ruhu ba?

A'a. Bulus da kansa ya tambaya ko duka ne ke magana da harsuna, amsar kuwa a fili take. Wasu ikilisiyoyin Fentikos suna koyar da cewa harsuna ne shaidar farko ta baftismar Ruhu, amma ko su yawancinsu ba su ce sauran ba su da ceto ba.

Idan wani ya ce Ubangiji ya ba shi saƙo a kaina fa?

Ka saurara, ka gwada. 1 Tasalonikawa 5 ta haɗa biyun: kada a raina annabci, a kuma auna kome. Kai maganar wurin fastonka ko wani dattijo da ya san ka. In saƙon ya ce mahaifiyarka mayya ce, ko ka daina shan maganin asibiti, ko ya zo da kwalbar mai da farashinta, tashi ka kama gabanka. Yaƙub 5 ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su shafa masa mai su yi addu'a, ba a ambaci ko sisi ba. Siman mai sihiri ne ya fara kawo zancen kuɗi a wannan harka, a Ayyukan Manzanni sura 8, Bitrus kuwa ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa.